Daga Ribaɗin Wurno Zuwa Filin Faretin Zariya: Horon Soja a Makarantun Sakandare da Ƙofar Karatun Gaba

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin 'yan'uwanmu mazauna birane, musamman waɗanda Allah Ya zaunar da su Kaduna da Zariya da Abuja, inda yaro kan buɗe ido ya ga soja a bakin titi. Tambayar ita ce: idan na sa ɗana makarantar da ake koyar da fareti, ko kuwa ya shiga ƙungiyar kadet ta makarantarsu, shin wannan zai ba shi fifiko ranar da zai nemi shiga jami'a ko makarantar horon hafsoshi ta NDA? An yi mini ita a wurin ɗaurin aure, an yi mini ita a zauren ta'aziyya, kuma amsar da nakan bayar a tsaitsaye ba ta gamsar da mai tambaya, ni ma ba ta gamsar da ni. Saboda haka na ga ya kyautu in zauna in bi sawun al'amarin tun daga tushe, domin tarihinsa ya ratsa ta ƙofar gidanmu fiye da yadda yawancinmu muke zato.

Mai karatu ya san cewa haɗa karatu da ɗamara ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno wajajen 1830 a matsayin ribaɗi, wato gari mai ganuwa da aka dasa a bakin iyaka domin ya tare hanyar da mahara suke biyowa daga Gobir. A can ya yi zamansa na ƙarshe, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake har yau. Rabah da Gandi duk cikin wannan sarƙa ta ribaɗi suke, haka nan Shinaka ta ƙasar Goronyo, wadda Bello ya danƙa wa ɗansa Aliyu, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Bello bai aika 'ya'yan talakawa bakin daga ya ɓoye nasa a Sakkwato ba. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa su ya ɗora a kan waɗannan garuruwa. Saurayin da ya tashi a ribaɗi yana da darasinsa gaban malami, yana da gonarsa, yana kuma da rabonsa na tsaron ganuwa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Wurno a 1853, nan ya tarar da mazaunin Sarkin Musulmi, ga malamai, ga mayaƙa, duk a cikin ganuwa ɗaya.

To, me ya raba jikokin waɗannan mutane da aikin soja har na tsawon rabin ƙarni? Amsar tana filin Giginya. Rundunar da ta tsaya a can ranar 15 ga Maris 1903, wadda kuma ta shafe Satiru a 1906, ita ce dai rundunar da ta rikiɗe ta zama sojan Nijeriya. Marigayi Sardauna da kansa ya taɓa bayyana cewa Turawa sun fara tara sojansu ne daga bayin da suka gudu daga iyayengijinsu da 'yan dakon kasuwa, don haka tun farko aikin bai tashi da kima ba. A idon kakanninmu soja ɗan bariki ne, yaron Nasara, wanda in ya shigo gari sai a ɓoye kaji a kulle 'yan mata. Ɗan mutunci ba ya sa kaki. Wannan ƙyama ba ta hana Turawa samun kurata daga Arewa ba, har ma Hausa ta zama harshen bariki, amma ta nisanta gidajen sarauta da na malamai daga aikin baki ɗaya.

Abin ya fara sauyawa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Ingila ta fahimci cewa tilas wata rana ta miƙa rundunar ga 'yan ƙasa. Kurtu ana iya ɗauko shi daga kasuwa, amma hafsa sai wanda ya gama sakandare, yake jin Ingilishi, yake iya zama aji ɗaya da 'ya'yan Turawa a kwalejin Sandhurst. A duk faɗin Arewa kuwa, a farkon shekarun 1950, makarantar gwamnati da ta shahara da yaye irin waɗannan ɗalibai ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Sardauna ya yi karatu a cikinta daga 1926 zuwa 1931, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'annan Zariya a 1949, wadda muka sani yau da sunan Barewa. Nan hukumar soja ta kafa idonta. Aka ɗauko wata al'ada ta manyan makarantun Ingila, inda tun 1908 ake da rukunin horon ɗalibai a cikin makaranta, wanda ya ci jarrabawar rukunin kuma akan ƙara masa maki idan ya nemi shiga makarantar hafsoshi. Aka dasa irin wannan rukuni na kadet a Zariya, kamar yadda aka dasa a wasu manyan kwalejojin gwamnati na Kudu.

Me ake yi a rukunin? Ɗalibai su sa kaki da takalmin soja, a koya musu fareti, da karanta taswira, da sarrafa bindiga da harbin bara, a kai su sansani su kwana a daji. Marigayi Janar Murtala Muhammed, wanda ya gama Zariya a 1957, ɗan wannan rukuni ne, kuma shi ne shugaban masu harbi a shekararsa ta ƙarshe. A 1958 ya shiga soja. Kafin shi makarantar ta riga ta ba da Zakariya Maimalari, wanda ya samu anininsa daga Sandhurst a 1953, da Kur Muhammad, da Abogo Largema, da Yakubu Pam, da Yakubu Gowon wanda ya shiga a 1954, da Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Shigar Hassan ta yi tasiri ƙwarai, domin ranar da aka ga ɗan babban sarki cikin kaki, bakin masu cewa aikin na 'ya'yan bayi ne ya fara mutuwa.

A nan ne nake son mai karatu ya dakata ya lura, domin nan ne zuciyar maganar. Rukunin kadet ya yi aiki iri biyu. Na farko, ya cire wa yaro tsoro da ƙyamar soja, ya nuna masa cewa akwai hafsa mai ilimi wanda ba ya ƙwace wa kowa akuya. Na biyu, ya shirya shi tsayawa gaban kwamitin zaɓe, inda ake duban lafiyar jiki, da ƙarfin hali, da yadda yaro yake magana da manya ba tare da rawar murya ba. Wanda ya shekara uku yana fareti gaban sajan babu shakka ya fi wanda bai taɓa ganin bariki ba natsuwa a wannan rana. Sai dai kwamitin ba ya kiran kowa gabansa sai wanda ya riga ya cika sharaɗin takarda. Fareti yana amfanin wanda ya isa ƙofa ne. Takardar gama sakandare ita ke kai mutum ƙofar. Mu kuwa a wancan zamani, yaron Wurno ko Goronyo sai ya gama elementare, ya samu shiga Midil ta Sakkwato, wadda ta zama Kwalejin Nagarta, sa'annan a tsamo 'yan ƙalilan daga cikinsu a tura Zariya. Kafin a kai filin fareti rariya ta riga ta tace kusan kowa.

Hanya ta biyu ta buɗe ranar 20 ga Mayu 1954, lokacin da aka kafa Kamfanin Yara a barikin Zariya, da yara 30, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. Manufar farko ba ta hafsoshi ba ce. Ana son a reni yara, yawancinsu 'ya'yan sojoji, su zama masu igiya da masu sana'ar hannu a cikin runduna. A 1960 aka sauya mata suna ta zama Makarantar Soja ta Nijeriya, kuma da aka shigar da cikakken karatun sakandare, ɗalibanta suka fara zama jarrabawar fita irin ta kowa, sai ga yaranta sun fara hawa matakin hafsa. Tunde Idiagbon, da Joseph Garba, da David Mark, da Buba Marwa duk ta nan suka biyo. Tarihin wannan makaranta shi kaɗai ya isa hujja: shekarun da take koyar da fareti da sana'a zalla, masu igiya take yayewa, janar-janar sun fara fitowa ne bayan da alli da allo suka samu wurin zama kusa da bindiga.

Ranar da aka samu 'yancin kai a 1960, 'yan Arewa ba su wuce kimanin ɗaya cikin bakwai na hafsoshin Nijeriya 'yan ƙasa ba, alhali su ne mafi yawan dakaru. Wannan ya tayar wa Firimiyan Jihar Arewa hankali. Kada mu manta wane ne shi: haifaffen Rabah a 1910, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. Mutumin da ya tashi a garin ribaɗi ba ya bukatar a gaya masa abin da ke faruwa da al'ummar da ta bar makami a hannun wasu. Shi da Ministan Tsaro, Alhaji Muhammadu Ribaɗu, suka tsaya aka shimfiɗa tsarin rabo a kan ɗaukar hafsoshi a 1961: kashi 50 cikin 100 na Arewa, 25 na Gabas, 25 na Yamma. Aka kuma sassauta sharuɗɗan takarda, aka ɗaga iyakar shekarun shiga, domin gurbin da aka ware ya samu masu cika shi. 'Yan Kudu da yawa sun ji zafin wannan tsari, suna ganin an fifita yanki a kan cancanta, kuma adalci ne a faɗi cewa wannan ɗaci yana cikin abubuwan da suka gurɓata zaman hafsoshi kafin 1966.

Rabo kaɗai bai wadatar ba, sai da aka bi makarantu ana lallashin ɗalibai. Labarin da ya fi shahara shi ne na Sakandaren Lardi ta Bidda, inda ƙaramin ministan soja, Alhaji Ibrahim Tako Galadima, ya je da matashin hafsa Yakubu Gowon suka yi wa 'yan ajin ƙarshe jawabi. Daga wannan aji aka samu Ibrahim Babangida, wanda ya shiga Kwalejin Horon Soja ta Kaduna a Disamban 1962, da Abdulsalami Abubakar, da Mamman Vatsa, da Muhammadu Magoro, da Sani Sami, da Gado Nasko, da Garba Duba. Biyu na ƙarshen nan ba baƙinmu ba ne, domin Gado Nasko ya riƙe Jihar Sakkwato daga 1978 zuwa 1979, Garba Duba kuma daga 1984 zuwa 1985. Aji ɗaya na makarantar lardi ɗaya ya haifi shugabannin ƙasa biyu da gwamnonin jiharmu biyu. A Katsina ma Sakandaren Lardi ta ba da Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa a daidai wannan lokaci. Abin da ya haɗa waɗannan yara shi ne sun kai ajin ƙarshe a daidai ranar da ƙofa take buɗe.

Idan aka dubi manyan hafsoshin da tsohuwar Jihar Sakkwato ta yi alfahari da su, za a ga sunayen ƙasar Zuru sun fi yawa nesa ba kusa ba, ita kuwa Zuru sai a 1976 aka haɗa ta da mu, a 1991 ta tafi Kebbi. Garuruwan ribaɗi, waɗanda aka kafa musamman domin yaƙi, ba su bayyana a jerin nan gwargwadon tarihinsu ba. Ni a ganina ƙyamar kaki da ƙyamar boko ne suka haɗu suka yi mana tarnaƙi, kuma ta biyun ta fi ta farkon illa.

Ba zan wuce ba sai na ambaci daren 15 ga Janairu 1966, ko da yake ambatonsa yana da nauyi. Manjo Nzeogwu babban malami ne a Kwalejin Horon Soja ta Kaduna, kuma da sunan atisayen dare ya fito da sojojin da suka afka wa gidan Firimiya. A wannan dare aka kashe Sardauna, aka kashe Maimalari da Kur Muhammad da Largema da Pam, wato manyan hafsoshin Arewa huɗu, dukkansu 'yan makaranta ɗaya ta Zariya. Allah Ya jiƙansu. Itacen da aka shekara goma sha biyar ana ba ruwa, a dare ɗaya aka sare manyan rassansa. Amma ƙananan da aka ɗauka ƙarƙashin tsarin 1961 sun riga sun cika bariki, kuma su ne suka juya ƙasar nan shekaru talatin da suka biyo baya, da alherinsu da akasinsa.

A Fabrairun 1964 Kwalejin Kaduna ta zama NDA, da taimakon malaman soja daga Indiya ƙarƙashin Birgediya Varma. Da farko takardar shaida take bayarwa tare da anini. A 1985 ta fara karatun digiri, a 2011 ta ɗauki 'yan mata karo na farko, daga baya kuma aka wajabta wa mai neman shigarta ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kamar kowane mai neman jami'a. Kowane ɗayan matakan nan ya ƙara wa takarda nauyi. Mai neman shiga sai ya kawo kiredit biyar, har da Ingilishi da Lissafi, ya kai makin JAMB da aka yanka, ya ci jarrabawar tantancewa ta makarantar, sa'annan a kira shi gaban kwamitin zaɓe na rundunoni, inda za a auna tsayinsa, a binciki lafiyarsa, a gwada gudunsa da juriyarsa. A wannan mataki na ƙarshe ne kawai tsohon ɗan kadet yake cin moriyar horonsa. Hatta ɗan Makarantar Soja ta Zariya, wanda ya shekara shida cikin kaki, ba a buɗe masa wata ƙofar baya; in bai ci ba, bisa tsarin da aka daɗe a kai, runduna ake tura shi a matsayin ƙaramin soja.

Jami'o'in farar hula kuwa babu ma gurbin fareti a takardar nemansu. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, kuma jami'o'in tarayya suna raba gurabensu ne kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, waɗanda Sakkwato take cikinsu. A wasu ƙasashe abin ya ɗan bambanta. Indiya, wadda ta taimaka aka kafa mana NDA, tana da rundunar ɗalibai ta ƙasa tun 1948, kuma wanda ya samu babbar takardarta yana da hanya ta musamman zuwa makarantar hafsoshi bayan ya gama digiri, wasu jami'o'in ma suna ƙara masa maki. A Amurka, inda dokar 1916 ta kafa horon soja a sakandare, rukunonin da suka yi fice suna iya gabatar da sunayen ɗalibansu ga makarantun hafsoshi irin su West Point, amma gabatarwa ba ɗauka ba ce, sauran jami'o'i kuma suna lissafa horon ne cikin ayyukan wajen aji, kamar wasanni. Mu nan ko wannan ɗan ƙarin ba a rubuta shi a doka ba.

Waɗanda suka yi sakandare a ƙarshen shekarun 1970 za su ce ai su ma sun ga soja a makaranta. Gaskiya ne, gwamnatin Janar Obasanjo ta tura sojoji makarantu domin tsawatarwa. Wannan bulala ce da tsallen kwaɗo, ba horon kadet ba, kuma ban taɓa jin wanda ta shigar jami'a ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Ya yi Kwalejin Barewa, ya shiga NDA a 1975 cikin kwas na 18, ya samu anini a 1977 a rundunar motoci masu sulke, ya kai muƙamin Birgediya-Janar kafin a naɗa shi a Nuwamban 2006. Ta wajen Sarkin Musulmi Mu'azu, shi ma jinin Muhammadu Bello ne. Shekara 72 bayan Giginya, ɗan gidan da rundunar nan ta yaƙa ya shiga cikinta ta ƙofar hafsoshi, kuma hanyar da ya bi ita ce dai wadda Maimalari da Murtala suka bi: cikakkiyar sakandare tukuna.

Wannan tarihi ya dawo mana sabo ne saboda halin da gida ya shiga. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni ta ƙasar Gandi a Ƙaramar Hukumar Rabah. A Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutane da dama. Garuruwan da aka gina domin su tsare wasu sun koma jiran a kawo musu ɗauki daga hedikwatar Runduna ta 8 da ke Sakkwato. Ba mamaki da ake jin wasu daga cikinmu suna kira a maido da horon kadet a makarantun yankin, kuma ban ga laifin kiran ba, domin horon yana gyara jiki, yana koya wa yaro kiyaye lokaci da bin umurni. Amma a ƙarshen 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin jiharmu ta rufe wasu makarantun kwana na yankunan kan iyaka, kuma iyalai masu yawa sun bar ƙauyukansu da 'ya'yansu 'yan makaranta. Yaron da ya rasa zangon karatu biyu ko uku, ko an koya masa fareti, da wuya ya haɗa kiredit na Lissafi, balle ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyin JAMB, wadda tun 2015 ta daina amfani da takarda da fensir.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu, mu masu karanta wannan mujalla, wadda ba mu cika son ɗagowa ba. NDA tana fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka jiha-jiha, gadon tsarin da ɗan Rabah ya tsaya aka kafa a 1961, kuma cikin takardun da take nema akwai shaidar asalin ƙaramar hukuma. Duk shekara 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Abuja da Legas, waɗanda suka yi makarantun kuɗi ko makarantun bariki, suna zuwa sakatariyar Wurno ko Rabah ko Goronyo su karɓi wannan takarda, wasunsu ma ranar ce farkon ganinsu da garin. Haƙƙinsu ne, babu mai ja. Sai dai gurbin da suke nema da ita shi ne wanda aka ware tun asali saboda yaron da makaranta ta yi wa nisa, kuma wannan yaro yana nan a Shinaka da Gandi da Achida. Sau da yawa shi ne yake nuna wa ɗan birnin hanyar ofishin da ake sa hannu.